Tsufa a Bayan Katanga: Wa Ke Leƙa Dattawan Maitama?

Ranar 12 ga Disamban 1991 Janar Ibrahim Babangida ya ɗauke fadar gwamnati daga Legas ya dawo da ita Abuja. Ma'aikacin da ya biyo wannan ayari yana ɗan shekara 40, yau ya ba 70 baya. Ƙa'idar aikin gwamnati ita ce mutum ya ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, don haka duk wanda ya zo da ƙarfinsa a wancan zango ya daɗe da karɓar takardar sallama. An zaci kowa zai kama hanyar garinsu. A lokacin ba mai kiran Abuja gida. Wurin neman abinci ne; gida na can Kano ko Katsina ko Yola ko Inugu, inda aka gina wanda za a tsufa a ciki.

Da yawa ba su koma ba. A zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke ministan birnin, tsakanin 2003 da 2007, gwamnatin Obasanjo ta sayar wa ma'aikata gidajen da suke ciki, sai ɗan zaman wucin gadi ya zama mai gida. Likitan da ya san ciwon mutum yana nan, abokan da suka rage suna nan, ga kuma masu garkuwa da mutane da suka sa tafiya ƙauye ta zama abin da sai an yi shawara. Ta haka birnin da aka zana wa masu jini a jika ya wayi gari da rukunin tsofaffinsa na farko, ba tare da an yi musu wani tanadi ba.

Ba inda abin ya fi fitowa fili kamar Maitama. Unguwar ofisoshin jakadanci ce da otal ɗin Transcorp Hilton da lambun Millennium Park da Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003. Layukanta da dama sunan koguna suka ci: Amazon, Nilu, Danube, Yedseram. A bayan katangun layukan nan akwai janar-janar masu ritaya, da tsoffin ministoci, da manyan sakatarori, da alƙalai, da matan da mazajensu suka rasu suka bar su da gida mai ɗaki takwas. Mai karatu na iya cewa, to waɗannan kuma me za su nema a wurin jama'a? Gaskiya ne ba su ne mabuƙatan farko a ƙasar nan ba. Amma a nan ne mutum ke ganin iyakar abin da kuɗi ke saya. Kuɗi na kawo masu aiki. Maƙwabcin da zai lura cewa yau ba a ga Alhaji ba, wannan ba a ɗaukarsa aiki.

Gida mai bene, gwiwa mai ciwo

A shiga irin gidan da aka gina a shekarun 1990 domin iyali masu yawa. Ɗakunan kwana duk suna sama. Matakalar ta dutse ce mai sheƙi, sai ta murɗa sau biyu kafin ta kai. Banɗaki an shimfiɗe shi da tayil mai santsi, ga bahon wanka na tangaran da sai an ɗaga ƙafa an tsallake bakinsa, babu ko ƙarfe ɗaya a bango da za a dafa. 'Ya'yan suna Landan ko Dubai ko Legas. Na kusa yana Gwarimpa, ya fita da sassafe sai dare. Tun da gwiwa ta fara ciwo mai gidan ya sauko ɗakin baƙi na ƙasa, sauran gidan kuwa an rufe, ƙura ce kawai ke shiga.

A kan durowar gefen gado za ka ga ledojin magani daga asibiti biyu ko uku: na hawan jini, na suga, na ciwon gaɓoɓi, na wahalar fitsari. Wasu iri ɗaya ne, sunan kamfani ne kawai ya bambanta, tsoho na haɗiyar duka biyun. Ga na'urar awon jini da aka aiko daga waje, batirinta ya mutu. Yarinyar da ke kawo ruwan shan maganin ba ta iya karanta abin da ke jikin kwalin ba, ba kuma wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata. In allurar insulin ce, sai an ajiye ta a firiji, firiji kuma sai da wuta. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na masu rukunin A daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 kan kowane ma'auni. Mai gida na miliyoyi da ke rayuwa kan fansho ya ji wannan a jikinsa, sai dai ba zai faɗa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce faɗuwa ce ta biyu wajen kashe mutane cikin haɗurran da ba na ganganci ba, kimanin mutum 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura 60 ne suka fi mutuwa ta wannan hanya. Karayar ƙugu ɗaya a banɗaki ta isa ta raba dattijo da tafiya har ƙarshen ransa. Maganin abin ba tsada gare shi ba: ƙarfen dafawa, kujerar wanka, shimfiɗar roba, ƙwan fitila a lungu. Aikin yini guda ne ga mai walda da birkila. Wanda zai shigo ya duba gidan da idon da ya san haɗari ne babu.

Fita ma aiki ce. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun Oktoban 2006, Keke Napep ma ba a yarda ya yi yawo a irin waɗannan unguwanni ba. Babu mai tebur a ƙofar gida, babu kanti a kusurwar layi, unguwar kuma hawa da gangara ce. Duk wanda ya daina tuƙi ya zama sai yadda direba ya yi da shi. Direban kuwa daga Mararaba ko Kubwa yake tasowa, kuma tun da aka janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin kwanaki, kuɗin motarsa ya cinye albashinsa. Ranar da bai zo ba, ba asibiti, ba Juma'a, ba gaisuwar mutuwa.

Abin da unguwa ke yi ba a sani ba

A cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina, ayyukan da ƙasashen Turai ke kafa wa hukuma da kasafin kuɗi, unguwa ce ke yin su ba tare da an ba su suna ba. Tsoho na da dakalin da yake zama da hantsi, duk mai wucewa ya rusuna ya gaishe shi. In aka yi Asuba biyu ba a gan shi a sahu ba, liman zai tura yaro ko ya taka da kansa. Akwai ciyayya tsakanin gidaje, kwano ya fita kwano ya shigo. Akwai almajirin gida mai ɗebo ruwa, da jikan da ake bai wa kaka don ya ɗebe mata kewa, da mai unguwa da ya san gidan da ba namiji. Ba sai an kambama abin ba: nauyin jinya kusan duka a kan mata yake, 'ya'ya da surukai, ba hutu ba lada sai ta Allah, kuma tsohuwar da ruɗewar tsufa ta kama a wasu wuraren mayya ake ce mata maimakon a kai ta asibiti. Duk da haka, da wuya mutum ya faɗi a ɗaki ya kwana biyu ba a sani ba.

Maitama ba ta gaji ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Masu ƙasar na asali, Gbagyi, an tashe su an kai su Kubwa tun ana gina birnin, waɗanda suka maye gurbinsu kuma kowa daga jiharsa ya zo. Mutum na iya shekara goma bai san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba; wataƙila ma ofishin jakadanci ne, ko gidan wani gwamna da ba ya kwana ciki sai sau biyu a shekara. 'Ya'ya na kira ta WhatsApp kullum, suna turo kuɗi ba fashi, Allah Ya saka musu. Amma Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take. Ta waya Baba zai gyara hula ya ce lafiya lau, ba za a ga kumburin ƙafarsa ba, ba za a ga tuwon jiya da ba a taɓa ba.

Wanda ke ganin waɗannan shi ne mai gadi. Sau da yawa mutumin Katsina ne ko Jigawa ko Maraɗi ko Damagaram, yana ɗan ɗakin bakin ƙofa da tabarmarsa da butarsa da rediyonsa. Shi ke lura da cewa ƙarfe goma ta yi ba a ɗaga labule ba. Shi ke da lambar babban ɗa, shi zai buga ya ce, "Ranka ya daɗe, Baba fa yau bai fito ba." Shi da direba ne za su ciccibi mai gida zuwa mota in abu ya faru da tsakar dare. A aikace su ne ma'aikatan kula da tsofaffi na Maitama, su da kuku da 'yar aiki da ke gangarowa daga Mpape ko Gishiri. Ba wanda ya koya musu cewa in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, asibiti ake nufa nan take, ba a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye ba. Da yawansu ba su san akwai lambar gaggawa ta 112 ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: mai gadin shi ma sau da yawa tsoho ne. Tsofaffi biyu a gida ɗaya, ɗaya a ciki ɗaya a bakin ƙofa. Dokar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka masu aikin gida ba su da abin kamawa. Ba fansho, ba inshora. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, a ba shi kuɗin mota da buhun shinkafa, ya koma garinsu ya zama nauyin wata unguwar.

Ofisoshi na kusa, hidima na nesa

Hukumomin da abin ya shafa ba su da nisa. Hedikwatar PTAD, wadda aka kafa a 2013 don biyan 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari, a Maitama take, kan layin Katsina-Ala. Duk wanda ya san yadda tantance 'yan fansho take a da, tsofaffi su yi doguwar tafiya su kwana a bakin ofis, wasu su yanke jiki su faɗi a layi, zai yaba wa manhajar I Am Alive da hukumar ta gwada a 2021 ta kuma faɗaɗa a 2023. Mutum na zaune a ɗakinsa zai shigar da lambar fanshonsa da ta asusun banki, a ɗauki hoton fuskarsa da waya, shi ke nan. A ganina, cikin ayyukan gwamnatin tarayya wannan ne ya fi shiga har ɗakin tsoho. Sai dai yana buƙatar babbar waya da jikan da ya iya latsa ta, kuma abin da yake son sani guda ne: ko mutum na numfashi. Ko ya ci abinci, ko ya yi wanka, wannan ba hurumin PTAD ba ne.

Mai wannan hurumi ita ce Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa, NSCC. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokarta hannu a Janairun 2018, amma sai a 2021 aka naɗa mata shugabanni, da Dakta Emem Omokaro a matsayin babbar darakta ta farko. A Fabrairun 2021 Majalisar Zartarwa ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar cibiyar na lissafa dattijo daga shekara 70, manufar kuma daga 60, wato akwai shekara goma da mutum yake tsoho a wata takarda, ba tsoho ba a wata. Aikin cibiyar da ya fi amfani ga zancenmu shi ne wanda ta yi da hukumar ilimin fasaha ta NBTE, na tsara matakan horo da shaidar ƙwarewa ga masu kula da tsofaffi, don sana'ar ta zama sana'a. Wannan tushe ne mai kyau. Amma cibiya ɗaya a Abuja ba za ta ƙwanƙwasa ƙofar kowane gida ba, kuma har yanzu iyalin da ke neman mai jinya sun fi dogara da "wata ƙawata ta san wata yarinya" a kan kowace rajista.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma sa tsofaffi cikin masu raunin da za a kafa wa asusu na musamman. Shekara da shekaru kafin nan, ma'aikacin tarayya na rasa inshorarsa ne daidai lokacin da ya yi ritaya, wato lokacin da ciwo ke fara sallama. Ko ga mai ita, abin da aka yi a asibiti take biya. Babban Asibitin Maitama na kan titin Aguiyi Ironsi, Asibitin Ƙasa ma tafiyar 'yan mintuna ce, amma aikinsu na ƙarewa ne a ranar sallama. Daga nan wahalar ke farawa: a juya mara lafiya duk bayan sa'o'i biyu don kada gyambo ya fito masa a baya, a canza kunzugu, a kula da robar fitsari, a ba shi abinci a hankali kada ya shaƙe, a samo mai gashin ƙashi da zai riƙa zuwa gida. Likitocin da suka ƙware kan cututtukan tsufa ƙalilan ne a ƙasar. Cibiyar farko da aka gina musamman don wannan, ta Cif Tony Anenih a asibitin koyarwa na Ibadan, sai a 2012 aka buɗe ta.

Kamfanoni masu zaman kansu sun shigo wannan giɓi a Abuja, suna tura nas ko mai kula, na yini ko na kwana. Wasu na aiki tsakani da Allah, wasu riga kawai suke ɗinka wa yarinya su turo ta. Waɗanda suka iya aikin kuwa, Ingila ta buɗe musu ƙofa a Fabrairun 2022 da ta sa masu kula da tsofaffi cikin bizar ma'aikatan lafiya, kuma 'yan Najeriya na cikin ƙasashe uku da suka fi kwasar ta, tare da Indiya da Zimbabuwe, kafin a rufe ƙofar a Yulin 2025. Akwai gidajen da 'yar gidan na can tana yi wa tsohuwar Baturiya wanka, da kuɗin take biyan wadda ke yi wa mahaifiyarta a nan.

Sauran tsofaffin ƙasar, manoma da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, galibinsu ba su taɓa shiga lissafin fansho ba. Jihar Ekiti ta fara biyan naira 5,000 a wata ga 'yan shekara 65 zuwa sama a 2011. Lesotho tun 2004, Kenya tun 2018, suna biyan 'yan shekara 70 kuɗin tsufa. Najeriya ba ta da irin wannan na ƙasa baki ɗaya.

Abin da unguwar masu hali za ta iya

Japan ta kafa inshorar kula da tsofaffi a 2000, kowa na fara biya daga shekara 40. Wannan sai gwamnati mai ƙarfi da haraji mai shiga. Misalin da ya fi dacewa da Maitama daga birnin Boston na Amurka yake. A unguwar Beacon Hill, wadda ita ma ta masu hali ce mai tsoffin gidajen bene, wasu dattawa da ba sa son barin gidajensu suka kafa ƙungiya, ta fara aiki a 2002. Kowa na biyan kuɗin shekara, a ɗauki ma'aikata kaɗan, a sami lamba ɗaya da za a kira in ana son mota zuwa asibiti ko cefane ko mai gyaran famfo da aka yarda da shi. Waɗanda ke da sauran ƙarfi su taimaki waɗanda suka gaza. Yau akwai ɗaruruwan irinta a Amurka. Ba su jira majalisa ta yi doka ba.

Kayan haɗa irin wannan duk suna Maitama. Layuka da rukunin gidaje da dama na da ƙungiyar mazauna da ke karɓar kuɗin tsaro da kwasar shara. Akwai likitoci da nas-nas masu ritaya da ke zaune ba abin yi. Akwai masallatai masu kwamiti da asusu. Akwai cocin Katolika na Holy Trinity, kuma a al'adar Katolika ana kai wa mara lafiya Jibin Ubangiji har gida, ga ƙungiyar Saint Vincent de Paul da tun kafa ta a Faris a 1833 aikinta shi ne ziyarar mabuƙata a gidajensu.

A ɓangarenmu na Musulmi, alheri ba ya kaɗan. Duk wanda ya ga ciyarwar azumi a masallatan Abuja, irin ta Al-Habibiyyah a Guzape, ya san ana fitar da dukiya. Amma sadakarmu ta fi son taro, kuma ta fi zuwa a wata ɗaya. Tana isa ga mai ƙafar zuwa ya karɓa. Wanda ke kwance ba ya cikin layi, tsohon babban sakatare kuwa ko yunwa za ta kashe shi ba zai shiga ba, don kunya da gudun a ce 'ya'yansa sun yar da shi. Dubiya ibada ce da kowa ya sani, sai dai mun bar ta ga wanda ya tuna. Kano na da hukumar zakka da hubusi, Sakkwato na da ta zakka da waƙafi. Ba abin da zai hana masu hali na masallaci ɗaya a Maitama su tsayar da waƙafin da ribarsa za ta biya albashin nas biyu masu zagaya gidaje, su auna jini, su tsince magungunan da suka maimaitu, su duba banɗaki. In aka yi haka, kada a tsaya a bakin kwalta. Motar nas-nas ɗin da ta zagaya Maitama ranar Litinin ta hau Mpape ranar Talata, don iyayen masu dafa abincin nan da 'yan aikin nan a can suke, kuma ciwon iri ɗaya ne.

Ƙaramar hukumar AMAC, wadda Maitama ke ƙarƙashinta, tana da jami'an lafiya na matakin farko, sai dai aikinsu ya fi karkata ga masu ciki da rigakafin yara. Ƙara musu horon duba tsoho a gida bai kai kuɗin gina sabon asibiti ba.

Kira na farko dai ga limamai da fastoci da shugabannin ƙungiyoyin mazauna Maitama yake. Ku zauna ku rubuta sunayen dattawan da ke zaune su kaɗai ko da masu aiki kawai, da yardarsu, da lambar wanda za a kira da inda makullin gida yake. Ku raba sunayen a tsakaninku, kowa ya san gidan da zai leƙa a mako. Ku tara masu gadi da direbobi yini ɗaya, likita ya koya musu alamomin shanyewar ɓarin jiki da abin yi in tsoho ya faɗi, a biya su kuɗin zuwa. Ku kuma 'ya'yan da ke waje, in kun zo hutun bana, kafin ku sayi sabuwar mota ku kira mai walda ya sa ƙarfe a banɗaki, sannan ku shiga gidan maƙwabci ku gaisa ku karɓi lambarsa.